Wata Huɗu Ina Gadin Ƙofa

Zafin bana ne ya tono mini wannan zance. Jiya da azahar na fito zan kai wa maƙwabciyata ɗinkinta, na zura silifas a hannuwana kamar kullum, ban yi taku goma ba na ji robar tana neman narkewa a tafina. Mai tafiya da ƙafa yana cewa Garwa akwai zafi, amma a ka yake jinsa. Ni da nake tafiya da hannu tun shan inna ta kama ni ina 'yar shekara uku, ni zan ba shi labarin yadda ƙasar garin nan take a watan da mangwaro ke nuna. Na koma inuwar zaure ina hura hannu. Layinmu na Jambutu shiru, ko akuya babu, azumi ya kwantar da kowa. Shirun ya zame mini irin na shekarar korona sak, har na juya zan ce wa maigida ya saurara ya ji. Shekara biyar ke nan babu wanda zan juya in faɗa wa.

Ni ce Mairo tela, da keken hannu nake ɗinki. Mijina mahauci ne, gari ya san shi da Sale Mai Soya, soya kuwa tsire ke nan a bakin mutanen nan. Ni dai sunan bai taɓa fita a bakina ba, Sarkin Hayaƙi nake ce masa in na so tsokana. Shekara ashirin da wani abu yana tsaye a kan tukuba a bakin titi, hayaƙi na shiga ta hanci yana fita ta ido, daga baya tarin fuka ya zo ya ƙarasa aikin. Ya sha magani wata shida, tarin ya warke, amma ƙirjin bai koma daidai ba. Daga ɗakinmu zuwa masallacin unguwa sai ya tsaya sau biyu yana dafa bango. Allah bai ba mu haihuwa ba, mu biyu ne a gidan. Yakan ce ni ba ƙafa, shi ba numfashi, in aka haɗa mu an samu mutum guda har da gyara.

Tun kafin korona, abin da ke cin raina shi ne baƙi. Mahauta mutane ne masu zumunci, ba zan ci haƙƙinsu ba. Da sun taso daga abatuwa sai su biyo duba shi, su cika ɗaki mai ƙofa ɗaya taga ɗaya, wannan na atishawa wancan na gyaran murya. Murar da za ta yi wa ƙato kwana biyu, shi sai ta kwantar da shi mako uku, ina gefensa ina sauraron ƙirjinsa yana fito. In na yi magana ya ce, "Mairo, baƙonka annabinka. So kike a ce na kori mutane?" Sai in ja bakina, don ni ma a gidan da ba a korar baƙo aka haife ni.

Sai ga doka ta sauka a tsakiyar bazara, saura kaɗan a ga watan azumi. Rediyo ta faɗa da Faransanci, ta maimaita da Fulatanci, masu moto, wato 'yan acaɓa, suka ƙarasa yaɗawa da Hausa. An rufe makarantu, an rufe iyaka, ban da taro, ban da musabaha, ban da lodin mutane a moto, daga baya aka ce kowa ya rufe hanci da baki. Gari ya ɗauki kuka, kuma da gaskiyarsu, kasuwa ta mutu a tsaye. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, wani sanyi na ji a raina.

A ƙaramin asibitin da nake karɓo masa magani akwai wata ma'aikaciya, mutuniyar kudu ce, Hausarta a karye amma zuciyarta lafiya lau. Duk wata nake zuwa a kekena na guragu. Ranar da na je bayan saukar dokar, ta sunkuyo ta ce, "Madam Mairo, wannan ciwo irin mijinki yake nema. In ya shiga ɗakinku, ba ni da abin da zan yi miki." Sannan ta haɗa mini maganin wata uku a leda ɗaya. Shekara biyu ina roƙon a yi mini haka saboda wahalar hanya, ana ce mini ba ya yiwuwa. Ranar ko tambaya ban yi ba aka miƙo mini.

Da na dawo gida na ja keken ɗinkina zuwa zaure, na kafa shi a tsakiyar hanya yadda babu mai wucewa sai ta kaina. Na kife turmi na ɗora bokiti mai famfo a kai, na ajiye sabulu. Duk wanda ya yi sallama in ce masa, "Maraba. A wanke hannu, a zagaya a gaisa ta taga. Gwamnati ta hana." Ban taɓa riƙe magana mai nauyin wannan ba. Mazan da ba sa ko duban ƙasa balle su gan ni, sai ga su suna cewa to, suna bin bayan ɗaki. Har wan maigida, Alhaji Garba, dillalin shanu wanda duk dangi ba mai ɗaga murya a gabansa, ya zo ya tsaya yana kallona yana kallon bokitin, ƙarshe ya naɗe hannun riga ya wanke. Daga cikin ɗaki na ji maigida yana dariya har tari ya sarƙe shi. Tun ranar ya sa mini suna Jandarma.

Na ware masa kofinsa na silba, na ɗaura jan zare a mariƙin don kada ya haɗu da na kowa. Kwanonsa daban, butarsa daban. Ya yi mita, ya ce ko mai kuturta ba a yi wa haka ba. Na ce ya kai ƙara wurin gwamna.

Azumin shekarar ba na wasa ba ne. Kafin hantsi kwanon rufi ya fara ƙara, da azahar kuwa ruwan randa ma ɗumi yake yi. Wuta sai ta ga dama take zuwa. An hana shi azumi saboda magani, abin ya ba shi kunya ƙwarai, mutum mai furfura yana laɓewa bayan ƙofa zai sha ruwa, alhali daga shi sai ni a gidan. Nakan jiƙa zane in shimfiɗa masa a baya, kafin in ɗinke abu biyu ya bushe ƙarau. Ni kuma ina zaure, harshena kamar busasshen ganda, ina juya keke da hannun dama ina tura yadi da hagu. Da la'asar in rarrafa madafa in dama kunu. Gidan mahauci ne, amma watan nan nama sai dai mu ji ƙamshinsa daga nesa. Tuwon masara ne da miyar yakuwa, ran da aka yi sa'a a jefa busasshen kifin Binuwai guda ɗaya, mu yi ta tura wa juna kan.

Abin da ya ciyar da mu shi ne takunkumin fuska, wanda mutanen nan ke ce wa kashine. Ragowar atamfa da shadda da na tara shekara da shekaru a buhu, duk suka yi rana. Maigida ne mai yanka. Yana zaune a bakin ƙofar ɗaki da almakashi, hannun da ya saba fere nama don kilishi ba ya karkacewa, zai jera su hamsin duk kai ɗaya. Ni in ɗinka in sa igiya. Da roba ta ƙare a kasuwa muka koma yanka tsohon tub na tayar moto siri-siri. Masu moto suna saya, 'yan kasuwa suna saya, har mutanen ofis da takalmansu masu sheƙi suna tsugunawa a zaurena suna zaɓar launi. Tunda na fara ɗinki ban taɓa ganin layi a ƙofata ba sai lokacin.

Garin ma ya sauya mini. A bakin kasuwa, a ƙofar kanti, a ƙofar masallaci, ko'ina an ajiye ruwa da sabulu, kuma famfon a ƙasa yake, daidai inda hannuna ke kaiwa. Ni da hannun da nake taka ƙasa da shi nake cin abinci, shekara arba'in da ɗoriya ina neman inda zan wanke shi a cikin garin nan. Ga shi bakin kowa a rufe, tofar da yawu ta ragu a hanya. Wanda bai taɓa dafa kakin wani da tafinsa ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Na san mutane sun sha wuya a watannin nan, wasu sun rasa sana'a, wasu sun rasa rai. Amma in na ce ban ji daɗin garin ba na yi ƙarya.

Babban abin shi ne maigida. Wata huɗu cur bai kwanta ba ko sau ɗaya. Kumatunsa suka ciko, fiton ƙirjin ya ragu, har yakan taka zuwa gindin dogon yaro na tsakar gida ba tare da ya dafa komai ba. Sai dai ba zan ɓoye ba, kaɗaici na cinsa. Da yamma yakan jawo tabarma kusa da taga yana kasa kunne, in ya ji muryar wani mahauci a layi sai ya gyara hula. Ranar Juma'a ya yi wanka ya sa farar riga, ya zauna a ɗaki da ita har la'asar. Ina gani, ina kau da kai.

Ba a gama azumin ba aka fara sassautawa. Aka ce motoci su ɗauki mutane kamar da, wuraren shaƙatawa su buɗe. Ruwan farko ya zo da iska mai ƙarfi har ta ɗage kwanon madafarmu, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya fito yana shan iska kamar an sako fursunoni. Kashine ya sauko daga hanci zuwa haɓa, daga haɓa ya shiga aljihu, sai in an hango jandarmomi a laluba. Bokitan bakin kantuna suka bushe, na ga wani ma an mayar da shi na sayar da zoɓo. Ba wanda ya zo ya ce mana ciwon ya tafi. Dokar ce kawai ta gaji, mutane suka gaji da ita.

Akwai wani dattijo makaho a layinmu, Bappa Buba, Bafulatani ne mai tufkar igiyar shanu. Wata safiya ya biyo da sandarsa ya tsaya a bakin zaure.

"Jam na, Mairamu?"

"Jam, Bappa. Yau fara'a ake yi."

"Dole in yi. Jiya wani ya kama hannuna ya tsallakar da ni titi. Wata uku ke nan rabon da ɗan Adam ya taɓa ni. Daga nesa suke ce mini bi dama, bi hagu, kamar suna kora jaki. Sau biyu ina faɗawa kwalbati."

Na ce, "Barka, Bappa. Ni kam tsoro nake ji."

Ya juyo fuskarsa wajen muryata. "Saboda mai gidanki?"

"Saboda shi."

"To ni dokar ta kusa kashe ni, ke kuma ɗage ta zai kashe ki. Da za ta zo da da za ta tafi, akwai wanda ya tambaye mu?"

Na ce babu. Ya ce to Allah Ya kyauta, ya ja sandarsa ya wuce.

Da maganin wata ukun ya ƙare na koma asibiti cikin taɓo, tayoyin kekena suna nutsewa. Aka miƙo mini na wata ɗaya. Na ce ina sauran? Ma'aikaciyar ta ɗaga kafaɗa ta ce an koma tsarin da. Ta rage murya ta ƙara da cewa, "Doka aka sassauta, madam, ciwon yana nan. Ki riƙe ƙofarki." Na ce da me zan riƙe? Ta kira na bayana.

Abin da ya fi ƙona mini rai har yau ke nan. Da ban taɓa gani ba, da na ci gaba da yarda cewa ba ya yiwuwa. Amma na ga famfo a ƙasa, na ga maganin wata uku a leda ɗaya, na ga an saurare ni a ƙofar gidana. Ashe duk ana iyawa. An yi ne lokacin da masu ƙafa da masu lafiya suke tsoro, da tsoronsu ya wuce aka kwashe komai. Yanzu in aka tuna shekarar dariya ake yi, ana cewa ka tuna lokacin da muke gaisawa da gwiwar hannu. Ni ba na iya dariyar.

Na ci gaba da zama a zaure, amma maganar ta rasa nauyi. In na ce gwamnati ta hana, sai a ce wace gwamnatin? Ƙaramar Sallah na tsare da kyar, da roƙo da haɗa mutane da Allah. Daga nan surutu ya fara dawo mini. Gurguwa ta kulle mijinta. Ta mallake shi, ta raba shi da danginsa. Wata ma cewa ta yi don kashine ɗina su ci gaba da sayuwa nake tsorata mutane. Na yi kunnen uwar shegu da su, amma maganar ta shiga ta taga ta iske maigida, na ga ya rage kirana Jandarma.

Haka muka kai Sallar Layya, damina ta zauna sosai, Binuwai ta cika ta haura gonakin bakinta. Mahautanmu suna da wata al'ada. Duk wanda ya yi wa mutane fiɗa ranar Sallah yana samun kasonsa, to washegari sai su haɗa, su kai wa ɗan'uwansu da ciwo ko tsufa ya ajiye. Naman nan ba a aikawa da shi, ba a kuma ajiye shi a ƙofa. Hannu da hannu ake ba mutum, a gasa wani a ci tare da shi a tire ɗaya, don ya san har yanzu yana cikin masu wuƙa. Na san da zuwan ranar, na kwana uku ina shirya abin da zan faɗa.

Da hantsi suka iso, ana yayyafi, su bakwai. Alhaji Garba ne a gaba. Bai daɗe da dawowa daga Banyo ba, inda ya je sayen dabbobin Sallah, kwana da kwanaki a hanya ruwa na dukansa. Tun daga bakin layi nake jin tarinsa. Idonsa ja, yana share hanci da gefen rawani.

Na ce, "Sannunku da zuwa, Yaya. Barka da Sallah. Ga ruwa a wanke hannu, ga kashine kowa ya ɗauki ɗaya, kyauta. Don Allah a gaisa ta taga."

Ya dube ni daga sama. "Har yanzu kina nan da wannan abin? Rediyo ma ta daina faɗa."

"Yaya, tari kake yi."

"Murar damina ce. Tun kafin a haife ki nake yin ta duk shekara." Ya nuna tiren da ke kan wani a bayansa. "Wannan ta taga za mu miƙa masa, kamar sadakar almajiri? Ɗan'uwana ne, ciki ɗaya. Zumunta a ƙafa take, Mairo."

Yana faɗa ya tuna da wa yake magana, ya kau da ido. Ni ban damu da wannan ba, na saba. Na dafa ƙasa da hannu biyu na gyara zama a tsakiyar hanyar, na ce a raina yau sai dai a tsallake ni. Kuma na rantse da na zauna. Da su kaɗai ne, da sun gaji sun tafi suna zagina.

Sai muryar maigida ta fito daga ciki, a hankali. Bai ce Jandarma ba.

"Mairo. Kada ki kunyata ni a gaban yayana."

Na ja jikina gefe. Babu wanda ya ture ni, babu wanda ya tsallake ni, ni da kaina na matsa. Suka wuce ɗaya bayan ɗaya, ina kallon ƙafafunsu da taɓo.

Baƙo ya shigo, dole a ba shi ruwa. Na ɗebo a randa a babbar moɗa na kai bakin ƙofar ɗaki, na dawo na ɗauko kofin maigida mai jan zare na ajiye a gefensa, yadda zai gani. Aka hura gawayi a ƙarƙashin rumfa, aka gasa hanta da ƙoda, ƙamshi ya cika gidan. Ina zaune a bakin madafa ina hango su. Alhaji Garba ya kafa kai ya sha ruwa a moɗar, ya yi tari, ya miƙa wa na kusa da shi. Ta zagaya hannu zuwa hannu har ta iso kan maigida. Ya dubi kofinsa, ya dubi moɗar. Mutum bakwai suna kallonsa. Ya za a yi ya ce ba ya shan abin da yayansa ya sha?

Taku biyar ne tsakanina da shi. Kalma ɗaya ta isa. Na buɗe baki, kunya ta riƙe ni. Mace ba ta tsoma baki a zaman maza, balle a gaban wan miji, balle bayan an riga an ce mata kada ta kunyata mutum. Ina kallo ya sha. Da za su tashi Alhaji ya yi masa addu'a mai tsawo, ya tofa a tafin hannunsa ya shafa masa a fuska da ƙirji, kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin.

Ga abin da ya hana ni samun wanda zan tsana. Ranar ya yi dariyar da wata huɗu ban ji ba. Suka tuna tsoffin labaran abatuwa, da bijimin da ya taɓa kwancewa ya bi wani mai awo har cikin kwata. Ya ci nama ya lashe yatsa. Bayan sun tafi ya jingina da bango yana murmushi, ya ce, "Yau na san ina da rai." Na kwashe kwanuka.

Kwana biyar ina duban fuskarsa kamar mai duban wata. Ran na shida ya tashi da zazzaɓi, ya ce kunun ba shi da ɗanɗano. Ran na takwas ba ya iya haɗa kalma uku ba tare da ya tsaya ba. Alhaji Garba ne ya kawo mota aka kai shi babban asibiti, ni na bi su a kekena, ruwa na zuba, taɓo har gwiwar hannu. A bakin ƙofar asibitin gangar wanke hannu tana nan, na murɗa famfon, ko ɗigo babu. Na goge hannuna a zane na hau matakala da rarrafe.

Na same shi an sa masa robar iska a hanci. Ya buɗe ido ya gan ni a ƙasa kusa da ƙafar gado, jiƙe sharkaf. Ya ɗan motsa baki, na matso.

"Jandarma," ya ce, ya tsaya ya nemi numfashi. "Kin baro ƙofa ba kowa."

Na ce, "Na kulle, Sarkin Hayaƙi. Ka yi shiru ka huta."

Kwana uku ya yi. Ya cika bayan la'asar, ana ruwa. Ba wanda ya ambata mini sunan ciwon. Wani ya ce tsohon ƙirjinsa ne ya tashi, wani ya ce sanyin damina, kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda kwana ya ƙare, ni Musulma ce. Amma har yau ban san ko moɗar ce ba, ko tofin, ko ba ko ɗaya ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya. Abin da na sani, wata huɗun da aka ba ni ikon cewa a'a lafiyarsa ƙalau, kwana goma sha ɗaya bayan na matsa gefe aka kai shi makwancinsa.

Ranar sadakar uku gidan ya cika har waje, mahauta da dillalai da matansu, kafaɗa na gugar kafaɗa. Ina ɗaki a kan tabarma cikin mayafin takaba. Maza suna zuwa bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya suna yi mini gaisuwa. Alhaji Garba ya zo, murarsa ta warke sarai. Ya tsuguna, karo na farko ke nan da na ga fuskarsa daidai da tawa. Hawaye ne a gemunsa, na gaske, don yana son ƙanensa.

Ya ce, "Mairo, sai haƙuri. Kin yi masa hidima, duk mun shaida. Amma mu gode wa Allah da aka ɗage dokar nan da wuri. Da tana nan, da ya tafi ba mu samu mun zauna mun ci abinci da shi ba."

Na dube shi. Duk abin da na kasa faɗa washegarin Layya ya dawo mini. Mata suna jiran amsata.

Na ce, "Haka ne, Yaya. Allah Ya ba da lada."

Ya ce amin, ya miƙe, na bayansa ya matso.